Gwajin kumfa na gano ramin zuciya: me mai nutso yake saya da kuɗinsa?

A Birtaniya akwai wasu likitocin zuciya 'yan ƙalilan da suka ƙware a kan masu nutso, kuma abin da aka fi zuwa nema a wurinsu shi ne gwajin kumfa. Hoton zuciya ne na eko, wato irin hoton da ake yi da sauti kamar na duban ciki, wanda ake ɗauka a daidai lokacin da aka tura ruwan gishiri mai ƙananan kumfa cikin jijiyar hannu, don a ga ko jini yana tsallakawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ba tare da ya bi ta huhu ba. Wannan hidima muke dubawa a nan, tun daga gadon gwaji har zuwa aikin toshe ramin da yakan biyo baya. Ra'ayinmu shi ne, idan gwani ya yi shi, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu ga duk wanda yake wuce mita 40 a ƙarƙashin ruwa. Idan kuwa sama-sama aka yi, gara ma ba a yi ba, domin takardar da ta ce ba a ga komai ba alhali ramin yana nan, ita ce take ba mutum ƙwarin gwiwar ƙara zurfi.

Ramin da ake nema, wanda likitoci suke kira PFO, kowa da shi aka haife shi. Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa, saboda haka jini yana ratsa wata 'yar ƙofa da ke tsakanin ɗakunan sama biyu na zuciya. Da jariri ya ja numfashin farko, matsin jini a ɗakin hagu ya fi na dama, sai wani ɗan leɓen nama ya kwanta a kan ƙofar, daga baya ya manne. A wajen wasu mutane ba ya mannewa. Yana nan kamar ƙyauren da aka turo ba a sa masa sakata ba: a rufe yake, amma da an tura daga ɗayan ɓangaren sai ya buɗe. A 1984 masana a asibitin Mayo na Amurka sun duba zukatan mamata 965, suka sami wannan rami a kashi 27 cikin ɗari, faɗinsa a matsakaici kusan milimita 5. Wato mutum ɗaya cikin huɗu, kuma yawancinsu har su koma ga Mahaliccinsu ba za su san da shi ba.

A ƙarƙashin ruwa ne lissafin yake canzawa. Kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya guda, don haka a mita 60 jiki yana ɗauke da ninki bakwai na abin da ya saba. Naitirojin da hiliyom da ake shaƙa suna narkewa cikin jini da tsoka da kitse gwargwadon matsin da daɗewar da aka yi. Wajen hawowa dole iskar ta fita, shi ya sa masu nutso mai zurfi suke yada zango a matakai: su koma kan cakuɗa mai oksijin kashi 50 a mita 21, su ƙarasa da oksijin zalla a mita 6. Duk da haka, bayan irin wannan nutso akan sami ƙananan kumfa a jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, ko da an bi tsarin kwamfutar hannu da ke lissafa wa mai nutso zangonsa sau da ƙafa. Yawanci ba sa yin illa, domin daga zuciyar dama huhu suke nufa, huhu ya tace su, iskar ta fita da numfashi. Mai buɗaɗɗen rami shi ne wanda kumfarsa take iya kauce wa huhu, ta faɗa zuciyar hagu, jini ya kai ta ko'ina. Ƙaramar kumfa da ta isa naman da ya riga ya fitar da iskarsa narkewa take yi. Wadda ta isa inda iskar take danƙare har yanzu, kamar can cikin kunne ko laka ko ƙarƙashin fata, girma take yi. Shi ya sa ciwon kumfa, wato ciwon da irin wannan kumfa take jawowa bayan nutso, idan yana da alaƙa da ramin zuciya yake da kamanninsa: hajijiya mai tsanani da amai, rashin ji a kunne ɗaya, mutuwar ƙafafu ko kasa fitsari, rikicewar gani ko magana, da fatar ciki ko kafaɗa ko cinya da take yin rodi-rodi tana ƙaiƙayi da zafi. Yakan kuma zo da wuri, sau da yawa cikin rabin awa da fitowa. Ga mai baƙar fata, rodi-rodin ba ya fitowa sarai kamar yadda ake gani a hotunan koyarwa, don haka ƙaiƙayi da zafin taɓawa a ciki bayan nutso abin faɗa wa likita ne ko da ido bai ga komai ba. Ciwon gaɓoɓi shi kaɗai, na kafaɗa ko gwiwar hannu, ba a danganta shi da ramin.

An gano wannan alaƙa tun 1989, lokacin da Peter Wilmshurst a Ingila da Richard Moon a Amurka, kowa da abokan aikinsa, suka nuna yawan ramin a tsakanin waɗanda ciwon ya kama. A 2004 wani bincike a Suwizalan a kan masu nutso 230 ya sami cewa mai ramin yana fuskantar ciwo mai tsanani kusan sau 5 a cikin nutso 10,000, ninki biyar na wanda ba shi da shi. Alƙaluman biyu duk a riƙe su: ninki biyar abu ne babba, amma 5 cikin 10,000 ba abin firgita ba ne. Abin da ya fi nauyi shi ne girman ramin. A 2015 Wilmshurst ya auna ramukan masu nutso 200 da aka toshe musu bayan ciwo, ya sami tsaka-tsakinsu milimita 10, ninki biyu na sauran jama'a. Rabinsu ramin ya kai milimita 10 ko fiye, alhali irin wannan girma bai kai kashi 2 cikin ɗari na mutane ba. Saboda haka tambayar da ake biyan kuɗi a amsa ba "akwai ko babu" kaɗai ba ce. Nawa ne yake wucewa, kuma a wane hali?

Shi gwajin kansa bai kai awa ɗaya ba, ba a kwana, ba a sa barci. Za a kwantar da kai a gefen hagu, a sa maka kanula mai ɗan kauri, lamba 18 ko 20, a babbar jijiyar da ke lanƙwasar gwiwar hannu. A jikin kanular ana ɗaura makunni mai baki uku, da sirinji biyu na mililita 10 masu murɗi a baki, domin na turawa kawai yakan fizge ya fesa wa kowa jini. A sirinji ɗaya ana zuba ruwan gishiri na asibiti kusan mililita 8, a ja jininka mililita 1, a ƙara iska mililita 1. Sai mai taimako ya yi ta tura haɗin daga wannan sirinji zuwa wancan da sauri, sau goma ko fiye, har ruwan ya tashi daga ja garau ya koma ruwan hoda mai kauri wanda ba a ganin komai ta cikinsa. Jinin da aka sa shi ne yake sa kumfar ta yi ƙanana ta kuma daɗe ba ta fashe ba. Nan take ake turawa da ƙarfi, a ɗaga hannun ko a matsa dantse don ruwan ya ruga. Idan aka yi jinkirin daƙiƙa kaɗan, kumfar ta taso sama ta rabu da ruwan, allurar ta lalace.

A kan allo za ka ga ɗakuna huɗu na zuciyarka baƙaƙe. Bayan 'yan daƙiƙu ɓangaren dama zai cika fari fat. Ido yana kan ɓangaren hagu. Idan ya zauna baƙi, babu abin da ya wuce. Idan fararen ɗigo suka ɓullo a ɗakin hagu cikin bugun zuciya uku na farko, ta cikin zuciya suka bi. Idan sai bayan bugu biyar ko shida suka fara zuwa, an fi zargin wata hanya ce a cikin huhu, kuma wannan ba abin da toshe zuciya zai yi mata. Tsarin da aka saba da shi a wajen likitocin nutso na Ingila yana ƙirga kumfa a hoton da suka fi yawa: ƙasa da 6 ƙarami ne, 6 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 babba. A wajen mai babban rami ba a ma tsayawa ƙirga, hagun yakan yi fari kusan kamar dama.

Inda gwani yake bambanta da ɗan koyo shi ne wajen tura ƙyauren. Allurar farko ana yin ta kana numfashi yadda ka saba, don a ga ko ramin yana buɗewa da kansa, wanda shi ne mafi haɗari. Bayan nan sai yunƙurin Valsalva: ka rufe baki da hanci ka yi nishi ciki da ƙarfi na kusan daƙiƙa goma. Wasu asibitoci suna ba ka bututu ka hura har ma'auni ya nuna 40, kuma mun fi son wannan domin ba a bar abin ga ƙiyasi ba. Yayin da kake yunƙurin, jini yana taruwa a jijiyoyi bai shiga ƙirji ba, zuciya tana ƙanƙancewa a kan allo. Da ka saki, jinin ya kwararo ɗakin dama gaba ɗaya, matsinsa ya zarce na hagu na ɗan lokaci, bangon tsakiya ya lanƙwasa zuwa hagu. A wannan ƙiftawar ido ne ramin yake buɗewa. Dole ne a ce maka ka saki a daidai lokacin da ɗakin dama ya cika da kumfa. Idan aka saki da wuri, ƙofa ta buɗe babu kumfar da za ta shiga. Idan aka makara, kumfar ta riga ta wuce zuwa huhu. Likitan kirki yakan sa ka gwada yunƙurin sau biyu ko uku kafin a haɗa allura, yana kallon allo ya tabbata bangon yana motsawa, sannan ya maimaita allurar sau da dama. Yakan kuma ƙara da shaƙar iska da ƙarfi ta hanci, domin akwai ramukan da ba sa buɗewa da nishi amma suna buɗewa da wannan.

Akwai wani tarko kuma da ke cikin halittar zuciyar kanta. Ruwan da aka tura ta hannu yana shiga ɗakin dama ne ta babbar jijiyar sama, amma jinin da yake nufar bakin ramin kai tsaye shi ne mai tasowa daga ciki da ƙafafu ta babbar jijiyar ƙasa. Wannan jini ba shi da kumfa, sai ya riƙa kore kumfar daga jikin bangon. Za a ga ɗakin dama ya yi fari, amma akwai baƙin zirin da ya raba farin da bangon tsakiya. Wanda ya san aikinsa ba zai karɓi wannan allura a matsayin amsa ba, zai sake, wani lokaci ya danna ciki ko ya canza kwanciyarka, in ta kama a tura ta jijiyar cinya. Wanda bai sani ba zai rubuta cewa lafiya lau.

Saboda waɗannan dalilai, kafin ka biya ko sisi, ka tambayi asibitin abu uku. Da ruwan gishiri da aka kaɗa za a yi? Domin magungunan haska zuciya na kamfani, irin su SonoVue, an ƙera su ne su ratsa huhu, don haka ko babu rami za su cika ɓangaren hagu. Wane ne zai riƙe na'urar, kuma ya saba da masu nutso? Sannan za a ba ka kwafin hotunan masu motsi? Eko na yau da kullum, wanda ba a tura kumfa ba, ba ya kore PFO ko kaɗan, kuma masu nutso da yawa suna yawo da irin wannan takarda suna ganin an wanke su.

Akan tallata wasu hanyoyi biyu. Ta farko ita ce zura na'urar ta maƙogwaro zuwa bayan zuciya. Hotonta ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma likitan da zai toshe rami yana buƙatarta ko makamanciyarta don ya ga siffar bangon. Amma ba mu ganin ta dace da gwajin farko: an ba ka maganin da ya kashe maka jiki, ka yini ba ci ba sha, ga bututu a wuya, ta yaya za ka yi yunƙurin kirki? Ta biyu ita ce sauraron jijiyar ƙwaƙwalwa ta gefen goshi, wadda take kama ko 'yar kumfa kaɗan, sai dai ba ta faɗin ta zuciya aka bi ko ta huhu. Tana da amfani wajen tantancewa, ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

Gwajin ba shi da wani haɗari mai yawa. Mai babban rami yakan iya ganin walƙiya a ido ko ya ji ciwon kai na ɗan lokaci bayan allurar, kuma a kan haka ne ake ƙin tura iskar da ba ta kaɗu ba.

Wa ya kamata ya je? A 2015 ƙungiyar likitocin nutso ta yankin Kudancin Fasifik, SPUMS, da kwamitin likitocin nutso na Birtaniya sun fitar da matsaya guda: ba a buƙatar gwada kowane mai nutso, amma a yi tunanin gwada wanda ya taɓa yin ciwon kumfa na ƙwaƙwalwa, laka, cikin kunne ko fata, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, da wanda ya taɓa samun shanyewar jiki da ba a gano dalilinta ba, da mai wata naƙasar zuciya ta haihuwa, da wanda ake da ramin a danginsa na kusa. Mun yarda da wannan ga mai nutson shaƙatawa. Ga wanda yake shirin kwashe mako yana sauka kan jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar a Scapa Flow, a gaɓar arewacin Sikotlan, a 1919, inda manyan suke kwance a wajen mita 45 cikin ruwan sanyi, ko mai niyyar koyon nutso da tiraimiks, wato cakuɗar oksijin da naitirojin da hiliyom, na mita 60 zuwa 100, muna ganin hujjar gwaji ta fi ƙarfi ko da bai taɓa ciwo ba. Kumfarsa ta fi yawa, kuma a daidai lokacin da take kan ganiyarta, cikin awa ɗaya ko biyu da fitowa, shi ne yake hawa tsanin jirgi da silinda biyu na ƙarfe a baya da wasu a gefe, kaya sama da kilo 40, yana riƙe numfashi yana nishi. Yunƙurin da likita yake koya maka a gadon gwaji, shi ne kake yi a kan tsanin ba ka sani ba. Sharaɗinmu ɗaya ne: ka san abin da za ka yi da amsar tun kafin ka ji ta. Wanda nutso ne sana'arsa ya kuma sani cewa sakamakon yana iya shafar takardar lafiyarsa ta aiki.

A nan ne hidimar take yawan gazawa. Gwajin yakan yi kyau, sai a sallami mutum da layi biyu a takarda. Rahoton da ya amsa sunansa zai faɗi allura nawa aka yi, wacce aka yi a hutu, wacce da yunƙuri, ko an ga bangon ya lanƙwasa, a bugu na nawa kumfar ta ɓullo, da yawanta. Ya kamata kuma a zauna da kai a duba bayanan nutson da ya jawo ciwon, daga kwamfutarka. Idan ka tsallake zango ko ka hawo da gudu, ramin yana iya zama ɗan kallo kawai, tunda mutum ɗaya cikin huɗu yana da shi. Idan alamun sun zo cikin mintunan farko, sai a duba huhu ma, domin huhun da ya yage wajen hawowa yana tura iska cikin jini ba ruwansa da zuciya.

Zaɓi uku ake ba wanda aka samu da rami mai girma: ya bar nutso, ya sassauta, ko a toshe. Sassautawa, kamar yadda matsayar 2015 ta zayyana, ita ce kada a wuce mita 15, nutso ɗaya a rana, a tsaya nesa da iyakar da ke wajabta zango, a shaƙi naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, amma a yi lissafi kamar iska ce zalla, a tsawaita tsayawar ƙarshe, kuma kada a ɗaga kaya mai nauyi har awa uku bayan fitowa. Shawara ce mai kyau, tana kuma aiki. Amma duk wanda ya karanta ta ya san cewa ga mai nutso mai zurfi daidai take da ajiye sana'ar. Gyara lambobin kwamfuta don ta ƙara maka minti goma a mita 6 yana rage kumfa, bai mai da kai kamar wanda ba shi da rami ba, kuma likitan da ya bar ka da wannan fahimta bai kyauta maka ba.

Toshewar ba a buɗe ƙirji. Ana shiga ta jijiyar matsematsi da siririn bututu, a bi har ɗakin dama, a ratsa ramin, a buɗe faifai ɗaya a hagu, a ja shi ya kama bango, a buɗe na biyu a dama, bangon ya zauna a tsakaninsu. Na'urorin da aka fi sani su ne Amplatzer na kamfanin Abbott, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016, da Gore Cardioform a 2018, dukansu don hana maimaituwar shanyewar jiki, kuma dukansu da wayar nikel da taitaniyom aka yi ƙashinsu, don haka wanda jikinsa ba ya ɗaukar nikel ya faɗa tun da wuri. Yawanci ana sallama a ranar ko washegari, da asfirin da kilofidogirel, magungunan rage daskarewar jini, na wasu watanni. Abin da ya fi faruwa shi ne rikicewar bugun zuciya, wanda manyan gwaje-gwajen masu shanyewar jiki suka samu a kusan mutum 5 cikin ɗari, galibi a makonnin farko kuma yakan wuce. Akwai zubar jini a matsematsi. Waɗanda ba kasafai ba amma masu tsanani su ne na'urar ta zame daga wurinta, jini ya daskare a kanta, ko ta ci bangon zuciya. Mutum ne lafiyayye yake karɓar wannan kasada don abin da yake so, ba don rashin lafiya ba, kuma sau da yawa daga aljihunsa yake biya. Likitan da bai faɗi haka ƙarara ba, a nemi wani.

Bayan aikin ba a komawa ruwa sai an sake gwajin kumfa, aƙalla wata uku da toshewar, da irin tsananin yunƙurin da aka yi a na farko, kuma sai an daina kilofidogirel, domin idan kumfa ta taɓa laka ko cikin kunne, jinin da ba ya daskarewa yana ƙara ɓarna. Asfirin shi kaɗai ba ya hana. Ka tambaya tun farko ko kuɗin wannan gwaji na biyu yana cikin farashin, domin wasu wurare daban suke karɓa, wasu kuma eko na yau da kullum suke yi su ce na'ura ta zauna daidai. Zaman na'ura daban, rufewar rami daban. Nama yana ɗaukar watanni kafin ya lulluɓe faifan, kuma a wajen wasu kumfa tana ci gaba da zurarewa ta gefe. In aka ga haka sai a jira a sake bayan wasu watanni. Ko an sami hagu baƙi ƙirin, jiki yana nan yana yin kumfa yadda ya saba, kuma akwai ƙananan hanyoyi a cikin huhu da suke buɗewa idan aka motsa jiki da ƙarfi. Saboda haka oksijin na gaggawa ya kasance a jirgi, lambar wayar ɗakin matsi mafi kusa, inda ake jinyar ciwon kumfa, tana hannu, kuma duk hajijiya ko mutuwar ƙafa bayan fitowa a ɗauke ta ciwon kumfa, a sa wa mutum oksijin zalla a kira likitan nutso nan take, ko an toshe masa zuciya ko ba a toshe ba.